Maganar kadoji ta tsare mana mota a Kano

Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ne a daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, kogin Ngadda ya afka cikin Maiduguri mutane suna barci. Yayata tana aure a Gwange, unguwar da ke bakin kogin. Da kayan jikinsu suka fita ita da yara, daga baya aka tsallaka da su zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri. Wayarta ta bi ruwa, maganin hawan jinin da take sha kullum shi ma ya bi ruwa. Ta wayar wata maƙwabciyarta muka samu jin muryarta.

Nan Kano dangi ba su yi nawa ba. Kafin magariba an tara shinkafa, garin masara, man gyaɗa, tabarmi, gidan sauro, zannuwa, na je kemis na sayo maganinta. Wani direba da muka daɗe muna hulɗa ya amsa zai kai mu da asuba. Cikin dare ya kira ni.

"Alhaji, ka yi haƙuri. An ce garin gaba ɗaya ya nutse, kada da macizai suna yawo a titi, ga 'yan gidan yari sun ɓalle. Motar nan ba tawa ba ce."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar tana da tushe. Ruwa ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, masu kula da shi da kansu suka ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, suka kuma gargaɗi jama'a kan kada da macizai. Katangar gidan yari ta faɗi, hukuma ta ce fursunoni 281 sun tsere. Duk gaskiya ne. Amma kowane baki ta biya sai ya ɗora nasa. Kafin ta iso kunnen Hajiyarmu, zakuna ne ke cin mutane a bakin kasuwa. Wasu kuma suka haɗa da yankewar da titin Kano zuwa Maiduguri ya yi a yankin Katagum cikin watan Agusta, suka ce ai babu hanya ma ɗungurungum, alhali direbobi tuni suka san inda suke ratsewa.

Hajiya ta kafe. "Ɗaya tana cikin ruwa, ba zan tura na biyu ba." Ban ga laifinta ba, uwa ce. Waɗanda nake jin haushi su ne masu zuwa jaje da waya a hannu, kowa da bidiyon da zai nuna mata, ba wanda ya san ranar da aka ɗauka ko unguwar da aka ɗauka. Akwai wani kawunmu da ƙafarsa ba ta taɓa wuce Wudil ba, amma shi ya fi kowa ba da labarin zurfin ruwan. Haka kaya suka zauna a zaure kwana da kwanaki, maganin Yaya yana cikin aljihuna.

Abin da ya warware mana shi ne tasha, da yamma, lokacin da motocin Maiduguri ke sauka. Na ƙyale masu shayi da 'yan kamasho, na nemi direban da ya taso daga can a safiyar ranar. Tambaya biyu na yi masa: yaushe ka baro garin, kuma ta ina ka fito? Ya ce titin Damaturu a bushe yake tun daga Njimtilo har Bulumkutu, jirage suna sauka a filin jirgi, ruwan yana wajen Post Office, Monday Market, fadar Shehu, Gwange da Fori. Na kai shi gaban Hajiya ya maimaita da bakinsa. Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya tsare hanya. Shi ya kai mu, muka yi sammako don kada yamma ta riske mu tsakanin Damaturu da Maiduguri.

Ko wutsiyar kada ban gani ba. Abin da na tarar, wanda duk surutun Kano bai ambata ba ko sau ɗaya, shi ne garin ya rabu biyu. Gadar Fori ta lalace, ruwa ya hau gadar Lagos Street da ta Gwange, tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan ya zama aikin yini guda. Asibitin koyarwa na jami'a shi kansa ruwa ya shiga, aiki ya tsaya cak a sassa da dama. Ke nan mai hawan jini da ya rasa maganinsa ba shi da wurin zuwa cikin sauƙi. Na samu Yaya ƙafafunta sun kumbura, kanta yana sarawa, tana magana a hankali. Ta dube ni ta ce, "Ƙanina, na ɗauka kun manta da ni." Wannan kalma ita ce ba ta bar ni ba. Maganin da zai iya isa hannunta tun washegari, labarin dabbobi ya riƙe shi.

Kayan ma da muka kai, rabinsu ba su ne ake nema da gaggawa ba. Ɗanyar shinkafa ba ta da amfani ga wadda ba ta da tukunya ko gawayi. Ruwan sha ne matsala, domin ambaliyar ta cakuɗa rijiyoyi da masai, ta kuma shiga maƙabartar Gwange. Sai da na koma gefen Bulumkutu na sayo ledojin fiya wata, bokitai, sabulu, murhu da gawayi, a farashin da ya ninka. A farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Da masu ba da labari sun ɓata rabin ƙarfinsu kan ruwan sha maimakon kada, da mutane da yawa sun loda abin da ya dace tun daga gida.

Duk mai ɗan'uwa a wurin da bala'i ya afka, ga abin da zan ce masa. Wanda ya gudo ranar farko, labarin ranar farko zai yi ta bayarwa har wata guda, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gani ke nan. Ka tambaye shi rana. Ka tambaye shi sunan unguwa, domin "Maiduguri ta nutse" ba amsa ba ce ga mai son sanin ko mota za ta kai Bakassi. Mutum sama da 400,000 ruwan ya raba da gidajensu, amma duk da haka akwai unguwanni da ko tabarma ba ta jiƙe ba, kuma ta nan taimako yake shiga. In kuma dattawan gida ne suka hana, kada ka yi musu da su, kawo musu wanda ya dawo yau su ji da kunnensu. Maganin mai ciwo kuwa kada ya jira buhuna, a ba shi motar farko da ta tashi.

Da na dawo, ni ma na zama abin tambaya a kasuwa. Masu sarin busasshen kifi da masu kai atamfa da shadda da yawa sun dakatar da zuwa, har bayan ruwa ya janye, abokan cinikinsu na can suna fama da asara ga kuma rashin masu saye. Wasu kuma suka ji an ce komai ya wuce, suka tafi ba shiri, suka tarar da taɓo, wari da gidajen ƙasa da suka zube. Duk wanda ya tambaye ni sai na ce masa wace unguwa za ka, in ban taka ta ba na haɗa shi da direban da ya kai mu.

Yaya ta koma Gwange bayan an tayar da bangon ɗakinta da ya faɗi. Likita ya ƙara mata yawan maganin da take sha, har yanzu ba a rage ba. Direban farko ya zo har shago ya ba ni haƙuri, na ce ya wuce, muna gaisawa. Kayana dai wancan na biyun nake ba.