Rumbun da muke zuba lissafin 'yan kasuwa

Ƙaramin kamfani gare ni a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, ni da yaran da ke rubuta manhaja. Muna haɗa tsarin lissafi wa masu kantin magani, 'yan sarin hatsi da taki, makarantun kuɗi da ƙungiyoyin gama-kai masu ba da rance. Mai kanti fuskar manhaja kaɗai yake gani. Ni kuwa hankalina yana kan rumbun bayanan da ke ƙarƙashinta.

Duk rumbunan da muke aiki da su tsatsonsu ɗaya, tsarin da Edgar Codd na IBM ya fito da shi a 1970: teburin masu saye daban, na kaya daban, na bashi daban, lamba ce ke ɗaure su.

Tambayata ta farko ga kowane rumbu ita ce, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, me zai faru? A ce an cire naira dubu hamsin daga asusun wani, kafin ta shiga na wancan inbata ta mutu. Rumbun kirki zai mayar da komai yadda yake, kamar ba a taɓa ba. Rumbun da ake kira PostgreSQL na yin haka, SQL Server da Oracle ma. MySQL sai an duba injinsa: InnoDB na yi, tsohon MyISAM ba ya yi, kuma har gobe muna tarar da shi a manhajojin da aka kawo mana gyara.

Sai kwabo. Yaro sabon zuwa zai ajiye kuɗi da nau'in lambar da ake kira FLOAT, alhali FLOAT kintace yake yi, 0.1 da 0.2 ma ba sa ba shi 0.3 cif. Rana ɗaya ba za ka lura ba, sai ƙarshen shekara akanta ya zo yana neman 'yan kwabban da suka ɓace. A wurina doka ce, DECIMAL ko NUMERIC, nau'in lambar da ke riƙe kwabo cif.

In akwai rance, adashe ko rassa, a ce ɗaya a Funtuwa ɗaya a Daura, PostgreSQL nake sakawa. Kyauta ne, kuma ba ya kawar da kai ga kuskure. Ka tura masa 30 ga Fabrairu ya dawo maka da ita. Kanti mai kwamfuta ɗaya SQLite ya ishe shi, fayil guda ne, sai dai mutum ɗaya ke rubutu a lokaci guda. Rumbun Access na Microsoft kuwa yana cika a gigabait 2. SQL Server Express na 2019 da na 2022 suna kaiwa 10, daga nan sai lasisi, da dala kuma. MySQL yana hannun kamfanin Oracle tun 2010, shi ya sa wasu suka koma MariaDB. Ni duka biyun na shafukan intanet nake bar wa.

Wani attajiri ya taɓa ce mini shi Oracle yake so, irin na bankuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai sayen tirela ne don kai buhu biyar kasuwar Charanchi." Bayan kuɗin lasisi, sai ya ɗauki mai kula da shi da albashi.

Cikin kuɗin aikinmu muna saka kwafin kullum, ɗaya a faifan da mai kanti ke tafiya da shi gida, ɗaya a intanet. Duk ƙarshen wata muna loda kwafin a wata kwamfuta mu gwada shi da littafin akanta. Wanda ya ce a cire masa wannan don a rage farashi, ba na karɓar aikinsa.