Burodin Kawu da lissafin hanya

Abin ya faro ne wata asubar hunturu a unguwar Zango, cikin garin Damagaram. Ina zaune a bayan adaidaitarmu, na ƙudundune cikin bargo tsakanin kwandunan burodi, sai muka sha kwana muka yi kiciɓis da wata adaidaitar, ita ma tamu ce. Direbobin suka gaisa, kowa ya sauke kayansa a shaguna biyu da ke kallon juna. Da na tambayi dalili, aka ce ai wannan mai shagon na wane ne, wancan kuma na wane. Ashe a gidan burodin kawuna, duk direban da ya samo mai saye, nasa ne har abada, ko da a bayan gari yake.

Lokacin ban daɗe da gama karatun lissafi a Jami'ar André Salifou ba, aiki bai samu ba, Kawu ya zaunar da ni kan littafin kuɗi. Kullum kukansa ɗaya ne, kuɗin mai. Matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu tun 2011, amma ba wanda ya taɓa zuba mana lita ɗaya kyauta. Muna da adaidaita uku, masu saye 47, tsakanin masu shayi da masu shaguna da 'yan tebur, a warwatse daga Birni zuwa Garin Malam, daga Sabon Gari zuwa Kara-Kara.

Da na koma gida ranar, na kasa barci, don na gane abin. Mun karanta shi a aji. Asalinsa shi ne abin da zan kira matsalar ɗan koli: mutum zai zaga garuruwa da kayansa ya dawo gida, wane zai fara, wane zai bi, don tafiyar ta fi gajarta? Kamar wasa, amma in wuraren 10 ne, akwai jeri 3,628,800 da za a iya bi. In suka kai 15, jerin ya haura biliyan 1,300. Namu 47 ne, kuma motocin uku, kowace da iyakar abin da za ta ɗauka. Wannan nau'in mai motoci da yawa, George Dantzig da John Ramser suka fara rubuta shi a 1959 a Amurka, kan tankokin da ke raba fetur ga gidajen mai. Na yi dariya da na tuna haka, su ma mai ne ya dame su.

Na sami Kawu na ce masa zan iya rage masa kuɗin mai. Ya dube ni ya ce, "To, ɗan lakwal, gwada. Amma kar ka ɓata mini mutane." Rabin farko na maganar kawai na ji.

Mako biyu na yi ina bin direbobi da waya a hannu, ina ɗaukar wurin kowane mai saye. Daga nan na zana tebur a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, layi 48 a tsaye, 48 a kwance, har da gidan burodin, na cike nisan kowane wuri da kowane daga taswirar waya. Sai na ɗauko dabarar da Clarke da Wright suka fitar a Ingila a 1964, wadda nake kira lissafin rara. Ina sonta don ko da biro da takarda ana yinta. Ka fara da mafi munin tsari: a ce kowane mai saye ana kai masa shi kaɗai a dawo. Sannan ka tambaya, in na haɗa wane da wane a tafiya ɗaya, nawa zan rage? Misali, akwai mai shayin da ke kilomita 3 daga gidanmu, da mai shagon da ke 3.5, tsakaninsu kuma kilomita 1. In an je wa kowa daban, tafiya da dawowa kilomita 13 ne. In an haɗa su, 3 da 1 da 3.5, wato 7.5. Rarar 5.5 ke nan. Haka za ka yi wa kowane mutum biyu, mu namu 1,081 ne, ka jera daga babbar rara zuwa ƙarama, ka riƙa haɗawa muddin kwanduna ba su fi ƙarfin adaidaita ba.

A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Yadda direbobi suka saba, jimillar tafiyar safe kilomita 58 ce. Tsarina ya mayar da ita 41. Na buga wa kowa takardarsa, na kwana ina lissafin jikunan da Kawu zai tara a shekara.

Ranar farko ta zo daidai da Alhamis. Ƙarfe 4 na asuba direbobi uku suka jeru bakin tanda, kowa da takardata a hannu, kowa yana jiran cikakken lodi. Sai a lokacin na tuna abin da nake gani kullum da idona: tanda ba ta fitar da burodi gaba ɗaya. Zubi uku ake yi, na farko wajen ƙarfe 4, na biyu 5 da rabi, na uku wajen 7. Zubin farko ba ya cika adaidaita biyu, balle uku. A tsohon tsarin da na raina, kowane direba yana ɗibar kaɗan daga zubin farko ya kai wa masu shayinsa kafin a fito masallaci, ya dawo ya ɗauki na shaguna. Wannan kai da kawowar da na ɗauka ɓarnar mai ce, ita ce take riƙe da kasuwar. Ni kuwa na cakuɗa mai shayi da mai shago a layi ɗaya don suna maƙwabtaka. Wani mai shayi sai bayan ƙarfe 7 burodi ya iske shi, masu karin kumallo sun watse. Biyu daga cikinsu suka aika yara wani gidan burodin. Adaidaitar da na bi da ita ta gefen Kasuwar Dole ta maƙale cikin amalanke da manyan motoci, don ranar kasuwa ce. Wadda na tura Birni kuwa ta tarar lungun da taswira ta nuna a buɗe, ko jaki da kaya sai ya karkata.

Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ƙirga burodin da ya dawo, ya ce, "Man da ka rage nawa ne?" Na faɗa. Ya ce, "Wannan da ke gabanka fa, nawa ne?" Kuɗin burodin ya ninka na man sau huɗu.

Dattijon direbanmu, wanda ya girmi mahaifina, shi ya ja ni gefe da yamma. "Yaro, kai nisa ka auna. Mu lokaci muke aunawa." Na ce, "Baba, to a koya mini." Kwana uku muna zama bayan la'asar, ina karanto masa sunayen wurare yana ba ni minti. Nan akwai rairayi, sai an sauka an tura. Nan in an yi ruwa ba a bi. Wannan mai shagon ba ya buɗewa sai rana ta fito. Wancan sai ya ƙirga burodi ɗaya bayan ɗaya, ya latsa kowane, sannan ya shiga neman canjin kuɗin jiya. Gaisuwa ma sai da na ba ta gurbi a tebur, don a Damagaram ba ka jefa wa dattijo kwando ka wuce. Da na tara, sai na ga tsayuwa a ƙofar mutane ta fi tafiyar kanta cin lokaci. Duk lissafina na farko, ƙaramin ɓangaren aikin nake ta gyara.

Da lokaci ya shigo, biro da takarda suka gaza. Kowane mai saye yanzu yana da nasa tsakanin: kar a zo kafin kaza, kar a wuce kaza. Kowace tafiya kuma tana ɗaure da zubin da za ta ɗauka. Sai na koma ga OR-Tools, manhajar Google da ake samu kyauta, na rubuta abin da Python, wani harshen ba kwamfuta umarni. Na ɗauki kowace fita daga gidan burodi a matsayin mota mai zaman kanta, mai lokacin tashinta, don direba ɗaya yana iya fita sau biyu ko uku.

Wuri mafi wuya shi ne gaya wa kwamfuta abin da muke so. Ita ba ta san "kar a ɓata wa mutane rai" ba, lamba take so. Dole na zauna da Kawu mu sa wa latti farashi. Na ce, "Kawu, in mai shayi ya yi jiran minti 15, asarar nawa ce a wurinka?" Ya ce wace irin tambaya ce wannan. Muka yi ta ja, har muka tsaya kan cewa lattin mai shayi ya fi na mai shago tsada nesa ba kusa ba, don mai shago zai sayar har dare, mai shayi kuwa kasuwarsa awa biyu ce. Ni a ganina wannan zaman na rabin awa ya fi duk layukan da na rubuta amfani, kuma da shi ya kamata in fara tun ran farko.

Sai maganar bashi. Yawancin masu saye yau suke karɓa su biya gobe, kuma direban da ya kawo mutum shi ne lamuninsa. In ka sauya masa direba, wa zai bi kuɗin, wa zai san ranar da za a ɗaga masa ƙafa? Mutum tara muka bar wa direbobinsu na asali, na ɗaure su a lissafin, ko da hanya ta karkace. Na gwada cire wannan sharaɗin don in ga tsadarsa: kilomita 3 ne a rana. Na nuna wa Kawu, ya ce a bar su, ya sayi zaman lafiya da araha. Sauran kuwa aka yi musaya, kai ba ni naka na Zango in ba ka nawa na Sabon Gari, aka daidaita kason kowa don kar wani ya koma gida da ƙasa da abin da ya saba.

Tsarin da muka tsaya a kai kilomita 50 ne, da wani daban na ranar Alhamis. Bai kai 41 ɗin da na yi alfahari da shi ba, amma masu shayi duka suna samun nasu daga zubin farko, adaidaita biyu na fita da shi, ta ukun tana jiran zubi na biyu. Ɗaya daga masu shayin da suka gudu ya dawo, ɗayan har yau a can yake saye. Wani abin da ya ba ni kunya kaɗan: da na ba dattijon nan sababbin rukunan, na ce ya jera nasa da ka, abin da ya fitar bai fi minti biyar tsakaninsa da na kwamfuta ba. Jera wurare goma sha biyar a unguwar da mutum ya sani, kai na iya yi. Inda kwamfuta ta fi mu shi ne rabon, wa zai ɗauki wa, a wane zubi, don nan ne abin yake yi wa kai yawa, nan ne kuma son rai yake shiga.

Mun yi wata huɗu a haka, sai azumi ya matso. Da azumi ba mai neman burodi da hantsi, kowa so yake ya iso bayan la'asar kafin shan ruwa, wasu masu shayin kuma sai dare har sahur. Mintocin da ke teburina duk na asuba ne, lokacin da titi babu kowa sai karnuka. Na je na sami dattijon na ce, "Baba, daga gidan burodi zuwa bakin Kasuwar Dole, da ƙarfe 5 na yamma, minti nawa?" Ya ce in ɗauko littafina in hau baya, gobe mu je mu gani.