Zaman da ba a yi ba

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar minit, wato rubuta abin da aka tattauna a zama, a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, gobe kuma zan miƙa makullin ofis. An yi mini canjin wurin aiki zuwa can ƙarshen jiha. Abokan aiki sun san dalili, amma gara a ji daga bakina.

A takarda tsarin ba shi da aibu. Ciyaman da mataimakinsa da sakatare da kansilolin naɗi masu riƙe da sassa su ke zartarwa. Zaɓaɓɓun kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa, su ke yin doka, su amince da kasafi. Kuɗi mai nauyi kuwa sai ya bi ta kwamitin kuɗi. Wannan duk an koya mana. Abin da na gano da kaina shi ne, a falon ciyaman bayan isha'i ake dafa magana, zaman safe rabon tuwo ne kawai.

Farkon wata damina ruwa ya cinye kwalbatin hanyar kasuwa. Ranar Alhamis maigidana a ofis ya kira ni, ya tura ƙofa. Ya ce, "Malam, ciyaman yana babban birni wajen zaman asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ɗan kwangila kuma yana jira. Rubuta minit na kwamiti, ka sa ranar Talata." Na ce, "Yallaɓai, ai ba a zauna ba." Ya yi dariya ya ce za a zauna, takarda ce kawai za ta riga mu isa.

Na rubuta shafi biyu cur, har da wanda ya kawo ƙuduri da wanda ya goyi baya, na sa hannu a ƙasa. Ba zan ce tilasta mini aka yi ba. Na ji daɗi ma da aka yarda da ni, kuma a raina ina cewa ai talakawa za a yi wa aiki. Ashe kansilan da na rubuta ya goyi baya yana Makka aikin Hajji a wannan Talatar. Odita daga jiha bai ɗauki minti goma ba ya gano. Ya ɗago kai ya tambaye ni ko daga Mina mutumin ya ɗaga hannu.

Takardar tuhuma ɗaya ta fito, sunana ne a kai. Maigidan da ya tura ƙofa ya rantse bai taɓa ganin minit ɗin ba sai a teburin odita. Waɗanda suka sa hannu a baucha, takardar biyan kuɗin, ba wanda aka tambaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ban riƙe kowa a zuciya ba, amma har yau idan muka haɗu a masallacin sakatariya, sahu daban nake nema.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Umarnin baki, ka roƙa da ladabi a rubuta shi a gefen fayil. Kada ka raina masinja, ya fi kowa sanin inda takarda ta kwana. Hakimi ba ya da ƙuri'a a majalisa, amma aikin da bai sa wa albarka ba yakan daɗe a hanya. Ciyaman da kantoma baƙi ne, kai za su bari da fayil.

Lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, an yi ta murna a ofis. Ni dai na yi shiru, don hukuncin bai ce komai a kan falon ciyaman ba.

Yaron da zai gaje ni na bar masa rajistar halartar zama, wadda ni na ƙirƙiro bayan abin ya faru, kowa ya sa hannu da kansa kafin a buɗe da addu'a. Kwalbatin kuwa, jiya na bi ta wurin a kan babur. Katako biyu ne a shimfiɗe, masu kura suna tsallakawa ɗaya bayan ɗaya.