Godiyarmu bayan ruwan Alau

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar Lahadin da ta wuce, ni da maigidana da yaranmu huɗu da Mama, wato mahaifiyarsa, muka fito gaban ikilisiya muka yi godiya. Fasto ya ce in ba da shaida, na buɗe baki kuka ya ci ƙarfina, ko rabin abin da ke raina ban faɗa ba. Ga shi kuma da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe mu ba sa wurin. Wasu ba 'yan majami'armu ba ne, wasu Musulmi ne, wasu suna can Jos da Yola da Mubi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. An ce yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da wani tukwicin da ya wuce shi, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Waɗanda ke Maiduguri ba sa bukatar a ba su labarin ambaliyar daren Litinin 9 ga Satumba 2024 wayewar Talata. Kwanaki kafin nan ana ta cewa dam ɗin Alau ya cika, kogin Ngadda ya kawo har wuya. Tsofaffin unguwa suna ba mu labarin ruwan 1994, mu da muka zo garin daga baya muna ji kamar tatsuniya. Maigida yana aikin gadi na dare a ɗaya ɓangaren gari, saboda haka ni kaɗai ce babba mai ƙarfi a gidan. Cikin dare babbar 'yata ta tashe ni ta ce tabarmarsu ta jiƙe. Na sauke ƙafa na ji sanyi har idon sawu. Ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa, shiru, ba ƙara. Kafin in gama tashin yara in goya auta ya kai gwiwa.

Mama ba ta iya doguwar tafiya, gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Kwashi yaran ki tafi, ni na ga jiya na ga yau." Na ce, "Mama, ba inda za ni in bar ki." Muna cikin haka aka buga ƙofa da ƙarfi. Samarin gidan Alhaji maƙwabcinmu ne su biyu, da tocila a baki. Suka ce Baba ya ce kada su kuskura su dawo ba tare da tsohuwar gidan nan ba. Babban ya durƙusa cikin ruwa ya goya Mama, ƙaramin ya ɗora yara biyu a kafaɗa, muka fita. A wannan dare kowa ta kansa yake yi, ba kuma wanda zai ga laifinsa. Alhaji yana da iyalinsa da kayan shagonsa da ruwa ke ci, amma tsohuwar maƙwabta ya fara tunawa.

Alhaji, Hajiya, na san ba kwa son a ambace ku, ban kuma kira suna ba. Amma mun kwana a saman benenku mu fiye da talatin, Hajiya ta cire mayafinta ta lulluɓe Mama da shi, garin kwakin da ya rage muku kuka jiƙa aka raba wa yara ba ku tambayi ɗan wane ne ba. Da asuba ku kuna salla a gefe ɗaya, mu muna addu'a a ɗaya gefen, ruwa yana wucewa a ƙasa da katifu da awaki da tukwanen mutane. Ubangiji ya sāka muku, ya tsare zuriyarku, ya mayar muku da abin da kuka rasa ninki.

Rana ta biyu wani saurayi ya zo da kwale-kwale. Ya yi sawu uku kafin ya gama kwashe mu zuwa inda motar sojoji take jira. Daga nan aka kai mu wata makarantar firamare, inda maigida ya same mu bayan ya kwana biyu yana bin sansani sansani har na Bakassi a nan Maiduguri, wayata ta mutu, bai san ko muna da rai ba. A makarantar ne muka fara jin girman abin: Gwange da Fori da Bulabulin sun nutse, ruwa ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa da fadar Shehu, katangar gidan yari ta faɗi, namun gidan zu sun mutu, kadoji da macizai sun bi ruwa. Dubban ɗaruruwan mutane ba wurin kwana. Na gode wa sojojin da suka ɗaga Mama da hannunsu, da matasan da suka riƙa kawo burodi da ruwan leda, da ma'aikatan lafiyar da suka duba auta sa'ad da zazzaɓi ya kama shi.

Yanzu bari in faɗi abin da na kasa faɗa a majami'a.

Daren ruwan bai girgiza bangaskiyata ba. A irin wannan dare ba ka da lokacin tunani, sunan Yesu kawai ke fita daga bakinka. Ranar da muka koma ganin gida ce ta kusa karya ni. Bangon ɗakin yara ya zube. Laka har ƙwauri, ga wari. Buhun masara da muka saya don mu ɗan huta da tsadar kasuwa ya yi tsiro a cikin buhunsa. Ni tela ce, kuma farkon Satumba lokacin komawa makaranta ne, ɗakina cike yake da kayan mutane: yunifom na yara da na gama ban miƙa ba, atamfofi, leshin wata amarya da bikinta ya kusa. Duk sun zama launi ɗaya, launin laka. Keken ɗinkina, Butterfly da na saya da kuɗin adashe, yana kwance a gefensa, tsatsa ta riga ta hau allura da ƙugiya.

Na tsaya a tsakar gidan na tuna da wani Satumban. A Satumba 2014 da 'yan Boko Haram suka kawo hari muka gudo daga Michika da kayan jikinmu, muka bi duwatsu, muka bar gida da gona. Wata guda da 'yan kai bayan haka hedikwatar ekklesiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi ita ma ta faɗa hannun maharan. Shekara goma cif muna tara cokali da kwano, ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji bakina yana cewa, "Ya Ubangiji, sau nawa mutum zai fara daga farko?" Na faɗa da ɗaci, ban ɓoye ba. Kwana uku ban iya yin addu'a ba, in an sunkuyar da kai sai dai in rufe ido.

Mama ce ta ce a nemo mata Littafi Mai Tsarkinta. Mun same shi a ƙarƙashin gado, ya kumbura ya ninka kaurinsa, bangon ya rabu. Tsohon bugun Hausa ne, a shafin farko ta rubuta ranar haihuwar 'ya'yanta da jikokinta, tawadar duk ta narke. Na ce a bar shi, za mu samo wani. Ta ƙi. Kullum da hantsi takan zauna a kan tabarma a gidan da aka sauke mu, ta sa tsinken tsintsiya tana ɗaga shafi ɗaya ɗaya a hankali, ta bar shi ya sha iska, ta koma na gaba. Wata rana ta kira ni, "'Yata, zo ki karanta mini nan, idona ba ya gani." Ishaya 43 ne, aya ta 2, inda Ubangiji ya ce sa'ad da ka bi ta cikin ruwa yana tare da kai, koguna ba za su sha kanka ba. Da na gama ta ce, "Kin ji? Bai ce ba za ki shiga ruwan ba." Ba ta ƙara komai ba, ta ci gaba da shanya littafinta. Daren nan na yi addu'a, gajeriya ce, amma na yi.

Daga ranar na rage lissafin wata da shekara, don lissafin yana hana ni barci. Addu'ar Ubangiji da muke haddacewa tun muna makarantar Lahadi abincin yini ta ce mu roƙa, na kuwa koma roƙon na yini. Abin da ya faru a makonnin da suka biyo baya ba wani abin mamaki ba ne da za a sa a jarida. Safiya ce takan waye ba mu da komai, kafin azahar wani ya ƙwanƙwasa ƙofa. Yau mudun gero biyu, gobe sabulu da ɗan manja, jibi wata ta turo dubu uku ta waya ta ce ba yawa. Ba mu taɓa samun na mako guda a lokaci ɗaya ba, ba mu kuma taɓa kwana da yunwa ba. Yarana sun san labarin gwauruwar Zarefat da garinta da manta da ba su ƙare ba, yanzu in ana karanta shi sai su dubi juna.

Dattijon ikilisiya da matarsa da suka sauke mu a Bulumkutu mako bakwai: Baba, Mama, ɗaki biyu gare ku, kuka ba mu ɗaya, 'ya'yanku suka koma kwana a falo. Ko sau ɗaya ban ga canji a fuskarku ba. Sa'ad da aka sanar da ɓarkewar kwalara a watan Oktoba, Mama mai masaukinmu ce ta tsaya a kan sai an tafasa kowane ruwan da yara za su sha, gawayinta ya ƙare a kan haka.

Zumuntar Mata, 'yan'uwana, me zan ce muku? Rabinku ruwan ya shafa. Duk da haka kuka zo ranar Asabar da tsintsiya da bokiti da shebur, kuka ɗaure zani kuka kwashe lakar gidana kuna waƙa. Wata a cikinku, wadda na san ita ma zani biyu suka rage mata, ta naɗe ɗaya ta tura mini cikin jaka ta ɗauka ban gani ba. Na gani, 'yar'uwa. Matasa da suka buga bulo suka tayar da bango, da Fasto da ya yi ta yawo a ƙafa yana ƙirga tumakinsa gida gida alhali nasa littattafan na shekaru suna cikin ruwa, da ikilisiyoyin Jos da Yola da Mubi da suka ɗauki baiko na musamman suka aiko, Ubangiji da ke gani a ɓoye ya sa muku albarka.

Masu kawo mini ɗinki kuwa, ku kuka sauke mini nauyin da ya fi danne ni. Na rubuta sunan kowa da kuɗin yadinsa a takarda, na bi ku ɗaya ɗaya in roƙi a ba ni lokaci in biya. Uwar amarya ta karɓi takardar ta duba ta mayar mini, ta ce, "Ke kika kira ruwan? Ki je Allah ya mayar mana gaba ɗaya." Mutum biyu kaɗai suka ce in biya, su ma da gaskiyarsu, ba su da wani, na kuma gama biyansu. Sai bakaniken da ya kwance keken nan gaba ɗaya, ya jiƙa kayan cikinsa a kananzir kwana huɗu, ya goge kowane ƙarfe da tsumma, ya sa mai, ya ƙi karɓar kuɗin aiki sai na allura da bel. Ranar da na taka shi na ji ƙararsa kamar da, na kifa kaina a kansa na daɗe ban ɗago ba.

Akwai abin da ba na so godiyar nan ta rufe. Ba kowa ne ya fita ba. A zumuntarmu akwai wadda ta rasa ɗanta a ruwan, mace ce da ta fi ni addu'a da azumi nesa ba kusa ba. Kada wani ya karanta wannan ya ce Allah ya cece mu don mun fi wasu bangaskiya. Na riga na gaya muku yadda tawa ta yi rauni. Ban san dalilin da ya sa yarana huɗu suke nan nata ba ya nan ba, in na je wurinta ba na kai mata bayani, zama kawai nake yi kusa da ita. Ku riƙa tunawa da ita a addu'a, da dukan waɗanda suka yi rashi, Kirista da Musulmi, da waɗanda har yau suke raɓe a gidan mutane ga sanyin hunturu ya shigo. Muna kuma roƙon hukumomi su dubi gyaran dam ɗin nan kafin wata damina.

Mun koma gidanmu. Ɗaki ɗaya har yanzu ba ƙofa, labule muka sa. Yara sun koma makaranta, na fara karɓar ɗinkin Kirsimeti, masu yunifom da suka yafe mini kuma su turo yaransu in sake gwada su, wannan karon ba kuɗin ɗinki. Littafin Mama ya bushe, shafukansa sun yi kauri sun lanƙwashe, mun ɗaure shi da ƙyalle, ta sa babbar jikarta ta sake rubuta ranakun haihuwar da ruwa ya goge.

Saura mutum ɗaya da ban samu ba. Saurayin kwale-kwalen nan, dogo, baƙi, sanye da jar rigar ƙwallo, yana jin Kanuri da Hausa. Da muka sauka na kwance ɗan kuɗin da ke bakin zanina na miƙa masa, ya girgiza kai ya ce, "Mama, riƙe ki saya wa yara abinci," ya juya ya koma ɗauko wasu. Ban tambayi sunansa ba. In akwai wanda ya san shi, don Allah a gaya masa tsohuwar da ya tallafo daga saman bene tana nan da ranta, kuma kullum da safe in muna addu'ar iyali sai ta ce kada a manta da yaron jirgi.