Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Azumin da Aka Rufe Salwa

Makon jiya na tsaya ne a inda na biya kuɗin kujerar umara na dawo ɗakinmu na Sanayya, unguwar masana'antu da leburori ta Doha, da rasit a aljihu, bakina har kunne. Wanda bai bi labarin daga farko ba zai ce mene ne abin rawar kai don mutum zai je umara daga Doha, tafiyar kwana guda a mota. To, ba Ɗakin Allah kaɗai zan je gani ba. Gwaggo tana Makka, a Shara Mansur, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da na sa ta a ido. Ita ta riƙe ni a Jibiya bayan rasuwar Inna, ita ta kai ni makarantar allo da hannunta. Tun da ta bi mijinta Makka a 2006, ya rasu a can ta zauna tana sayar wa alhazai tuwo da fura, sai dai murya a waya. Rabin dalilin da ya sa na karɓi aikin Qatar a 2015 shi ne kusanci da ita. Azumin farko kafili, wato uban gidan da takardar zamana ke hannunsa, bai ba ni izinin fita ba, na biyu kuɗi suka gaza. Wannan na uku ne komai ya haɗu.

Motar za ta tashi ranar 19 ga azumi don mu yi goman ƙarshe a Harami. Na haddace hanyar kamar karatu: daga Doha zuwa Abu Samra, bakin iyakar Qatar, a tsallaka Salwa, ƙofar shiga Saudiyya, a bi ta Hufuf, a ratsa Riyad, a ɗaura harami a Ƙarnul Manazil, sai Makka. Na saya wa Gwaggo turare da atamfa biyu da maganin ciwon gwiwa, na ɗaure su a jaka na tura ƙarƙashin gado.

Ranar Litinin, 5 ga Yuni 2017, goma ga azumi, na yi sahur na tafi sito kamar kullum. Aikina a sashen kayan sanyi yake na wani babban kanti, ni ke karɓar madara da kindirmon da suke kira laban da kaji da ƙwai, in ƙirga in sa hannu. Kusan duk abin da ke cikin firjinmu daga Saudiyya yake zuwa, musamman madarar Almarai, wadda babu gidan da ba ta shiga ba a Doha. Tireloli kan kwana a hanya su iso mana kafin rana ta yi zafi. A cikin direbobin akwai wani dattijo da muke kira Baba Mai Wurno, Bahaushen Sudan ne, Hausarsa irin ta kakanni. Shi ke karɓar mini saƙo ya miƙa wa wani a Hufuf, shi kuma ya miƙa gaba har ya isa hannun Gwaggo.

Aka yi sallar asuba, gari ya waye, babu tirela ko ɗaya. Ina tsaye a bakin ƙofar sito da takardar karɓar kaya sai wayata ta yi ƙara. Baba ne.

"Ɗana, kada ka jira mu. Ga mu nan a Salwa, an ja ƙarfe. An ce mu juya."

"Baba, juyawa kamar yaya? Takarda ce ba ta cika ba?"

"Ba maganar takarda ba ce. Manya ne suka ɓata. Ka kunna rediyo."

Kafin hantsi labari ya game gari. Saudiyya da Bahrain da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar sun yanke hulɗa da Qatar a safiya ɗaya. Sun rufe sararin samaniyarsu da tashoshin ruwansu, Saudiyya kuma ta rufe Salwa, wadda ita ce ƙofa ɗaya tilo da Qatar ke da ita ta ƙasa, don sauran ɓangarorin duk teku ne. An bai wa 'yan Qatar da ke zaune a ƙasashen Gulf ɗin uku kwana 14 su tattara nasu ya nasu su fita, an kuma umarci nasu mutanen da ke Qatar su koma gida.

Manaja ya kira mu duka zuwa cikin kanti don hannu ya yi kaɗan. Ban taɓa ganin masu kuɗi cikin tsoron yunwa ba sai ranar. Mutanen da a da ba su ɗaukar ko leda da hannunsu, ga su suna tura keken sayayya biyu biyu, buhunan shinkafa a kan katan-katan na ruwa, mai a kan sukari. Babu hayaniya sosai, kuma shirun ne ya fi tayar mini da hankali. Kafin la'asar sashena ya zama fayau, sai hasken fitila a kan ƙarfe. Wata tsohuwa mai niƙabi ta zo ta tsaya tana duban wurin da laban yake zama, ta tambaye ni cikin Larabci ko akwai saura a ciki, mijinta ba ya buɗa baki sai da shi da dabino. Akwai roba ɗaya da na ajiye wa kaina a bayan kwali. Na ɗauko na ba ta. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta yi mini addu'ar da har yau ina jin ta a kunnena.

Mu shida ne a ɗaki, Hausawa uku. A daren nan bayan asham babu wanda ya yi barci. Muka kama sashen Hausa na BBC a waya, muka kama Aljazeera, muka kama Al-Arabiyya, kowace da nata zancen kamar ba abu ɗaya suke ba da labari ba. A hankali, cikin kwanakin da suka biyo baya, na fara gane cewa ba a ranar aka faro ba. Gyambo ne tsoho. An taɓa harbe-harbe a kan iyakar Qatar da Saudiyya a Khafus a 1992. A 1995 Sheikh Hamad ya karɓe mulkin Qatar daga hannun mahaifinsa, abin da bai yi wa Riyad daɗi ba, shekara guda bayan nan kuma ya kafa Aljazeera, tashar da ta riƙa faɗar abin da sarakunan yankin ba su saba ji a kansu ba. Da guguwar sauyi ta taso a ƙasashen Larabawa a 2011, Doha ta tsaya wa 'Yan Uwa Musulmi, musamman a Masar, Riyad da Abu Dabi kuwa suna kallon ƙungiyar a matsayin wuta a gindin gadon sarauta. Ko a 2014 sai da Saudiyya da Bahrain da Daular Larabawa suka janye jakadunsu daga Doha na wata takwas. Ga kuma Iran. Arzikin Qatar gas ne, kuma rijiyar da take ɗiba a teku tarayya suke da Iran, don haka ba za ta iya yi wa Tehran kallon da Saudiyya ke yi mata ba. Ƙaramar ƙasa ce, 'yan asalinta wajen dubu 300 ne kacal, amma ta ƙi zama ƙanwar da ake aika. Abin da ya fasa ƙurjin shi ne wasu kalamai da suka bayyana a shafin kamfanin dillancin labaran Qatar a ƙarshen watan Mayu da sunan Sarki Tamim, ɗan Hamad da ya gaje shi, kwanaki kaɗan bayan ziyarar Trump a Riyad. Doha ta ce kutse aka yi mata, maƙwabta suka ce ba su yarda ba. Suka zarge ta da ɗaure wa ta'addanci gindi, ita kuma ta musanta.

Ni ba zan ce Qatar wankakkiya ce ba. Na zauna a Sanayya, na san yadda lebura ke rayuwa a ƙasar, na ba ku labarin wannan a kashi na 14. Kuma ƙaunar da nake yi wa ƙasar da Manzon Allah (SAW) yake kwance ba abin da zai taɓa ta. Amma har gobe zuciyata ba ta karɓi rufe wa maƙwabci hanyar abinci a tsakiyar Ramadan ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, sai dai ban taɓa jin inda haƙori ya hana harshe ruwa ba. Mutanen nan dangi ne na jini. Ƙabilar Al Murra da Bani Hajir suna nan suna can, kaka a Hufuf jika a Doha, daidai da yadda muke da Maraɗi. Akwai wani dattijo da ke zuwa kantinmu, matarsa 'yar Ahsa ce ta Saudiyya, shekara talatin da aure. Ya tsaya a gabana yana lissafa kwanakin da suka rage mata da yatsu, idonsa ya yi ja. Daga baya an ce za a sassauta wa irin waɗannan iyalai, amma kafin nan gidaje da yawa sun sha kuka. Lokacin da aka rufe tamu iyakar a 2019, na ji 'yan Jibiya suna ba da labari a waya, ban buƙaci a yi mini bayani ba.

Abokin kwanana, wani yaro ɗan Damagaram, shi tasa damuwar daban ce. A cikin makon nan Nijar ta kira jakadanta gida daga Doha don nuna goyon baya ga Saudiyya. Ya kwana uku ba ya cin abincin kirki, yana tsoron kada a ce 'yan Nijar su fita, alhali bai gama biyan bashin da ya ci ya zo ba. Allah Ya rufa asiri babu wanda ya taɓa shi. Nijeriya dai ba ta ɗauki ɓangare ba.

Ranar Laraba mai shirya tafiyar umara ya kira mu. Ya baje fasfo-fasfo a kan tebur, kowa ya ɗauki nasa. Ya ce ofishin jakadancin Saudiyya ya rufe, babu inda za a buga biza, babu kuma hanyar da mota za ta bi ko da an buga. Ya mayar mana da kuɗinmu cif. Wani Bapakistane da ya tara nasa shekara huɗu ya zauna a ƙasa a wurin, ya rufe fuska da hula.

Na jira sai bayan an sha ruwa na kira Gwaggo. Ba ta kiran sunana, don sunan mahaifinta gare ni.

"Babana, an sha ruwa lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Ya ibada? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Na ji abin da ya faru. Kada ka ambaci sunan garin nan da kake a waya, ka ji ko? Mutane sun ce ana saurare."

Ban ga laifinta ba. A ranar ne aka sanar a Daular Larabawa cewa duk wanda ya nuna tausayi ga Qatar, ko da a rubutun waya ne, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 15, tsoro kuma ba ya tsayawa a kan iyaka. Mace ce baƙuwa mai zaman lallaɓa igama, wato takardar izinin zama. Sai muka koma magana a dunƙule kamar masu zancen surukai. Ta ce ta riga ta sa an share mini ɗakin baya, ta aro katifa, ta sa an nemo mata gero mai kyau don furar da nake so. Ta faɗa ne ba don ta sa ni kuka ba, amma na yi.

A wajen abinci kam, tsoron bai daɗe ba. Kafin mako ya zagayo jiragen Turkiyya sun fara sauke madara da kaji, Iran ta aiko jirage da kayan lambu, jiragen ruwan da a da suke biyowa ta Jabal Ali a Dubai suka koma tashoshin Sohar da Salala a Oman. Firjina ya sake cika, amma da rubutun da ba mai iya karantawa. Mutum zai ɗauki kwali ya juya shi ya juya, ya tambaye ni wannan madara ce ko laban. Na samo takarda na rubuta da hannuna na manna: süt shi ne halib, ayran shi ne laban. Bahaushe ɗan Jibiya yana fassara wa Larabawa Turkanci, kuma suna godiya da gaske. Sai hoton Sarki Tamim, baƙi da fari, da rubutun Tamim al-Majd a ƙasa, ya bazu a kan motoci da bangaye da gilashin kantuna. Mutanen da aka so su tsorata sai suka ƙara manne wa sarkinsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a goman ƙarshe shi ne raƙuma. Makiyayan Qatar sun saba kiwo a cikin hamadar Saudiyya tun kafin a san wani abu wai shi iyaka. Aka ce su ma su fita. Dubban raƙuma da tumaki aka koro zuwa Abu Samra cikin zafin Yuni, wasu suka faɗi a hanya, 'ya'ya suka rabu da uwaye suna ta kuka. Na kalli hoton a waya, na tuna Buzayen da ke sauka bayan gidanmu da rani. Na kashe wayar.

Ana saura kwana biyu ko uku sallah, Kuwait, wadda sarkinta Sheikh Sabah ya yi ta kai gwauro ya kai mari da tsufansa don sasantawa, ta miƙa wa Doha sharuɗɗa 13 daga ƙasashen huɗu, da wa'adin kwana goma. A ciki har da rufe Aljazeera, da rufe sansanin sojan Turkiyya, da ja da baya daga Iran. Da ɗan Damagaram ya gama karanto mana su, babu wanda ya yi magana. Ko mu da ba mu yi karatun siyasa ba mun san babu mai gidan da zai sa hannu a irin wannan takarda ya ci gaba da amsa sunan mai gida. Duk da haka ina ce wa kaina zuwa babbar sallah za a shirya. Da wani ya ce mini sai Janairun 2021, a taron sulhu na Al-Ula a Saudiyya, za a ɗage ƙarfen Salwa, da na ce masa ya ji tsoron Allah.

Aka yi sallah ranar Lahadi, 25 ga Yuni. Da muka sauko daga idi na jawo jakar nan daga ƙarƙashin gado, na buɗe, na duba kwanan watan da ke jikin maganin gwiwar, na mayar na ɗaure. Sannan na kira Gwaggo na yi mata barka da sallah. Muryarta ta dushe, tana yi tana tari, ta ce sanyin na'ura ne kawai.

"Babana, zumunta a ƙafa take, na sani. Amma tunda an ɗaure ƙafar, ka riƙa kira. In Allah Ya kai mu aikin hajji, ka nemi hanya ko ta gida ce. Katifar ban mayar ba."

Na ce mata in sha Allahu. A daren na fara lissafin kuɗin jirgi daga Doha zuwa Kano, da abin da kujerar hajji za ta ci daga can. Yadda na tunkari kafili da maganar, da amsar da ya ba ni a ranar da aka sauke shanun madara na farko daga jirgin sama a Doha, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.