Ba Netwok Ba Ne

A watan Agustan 2024, tsakiyar damina, aka ba ni aikin ɗora wata manhajar ajiye bayanan ma'aikata a kan sabar ofishinmu da ke Bauchi. Saba ita ce kwamfutar nan da ba a kashewa, wadda sauran kwamfutocin ofis ke ɗibar bayanai daga cikinta. Tamu tana wani ɗan ɗaki a bayan sito, kusa da batiran inbata, kuma CentOS 7, wani nau'in tsarin Linux, ke tafiyar da ita tun kafin a ɗauke ni aiki. Manhajar kuwa cikin buɗaɗɗun nan take, waɗanda kowa ke iya sauke tushensu kyauta, ya karanta, ya gyara. A kan Django 5 aka rubuta ta, wani ginshiƙin gina manhajoji da harshen kwamfuta na Python, shi kuma ba ya karɓar Python da bai kai 3.10 ba. Sabar da 2.7 ta zo, babban rumbun CentOS 7 kuma 3.6 kawai yake bayarwa. Ke nan dole in gina Python da hannuna daga tushe. Na ce wa maigidana na ofis kafin la'asar zan gama. Sai a rana ta huɗu na miƙa aikin.

Irin wannan ginin mataki uku ne. Da farko akwai configure, wanda yake kamar magini ya zagaya fili yana duba ko an kawo yashi da siminti da ruwa. Sai make, shi ne ainihin ɗora bulo: mafassari irin su gcc ya mayar da rubutun ɗan Adam ya koma harshen na'ura. Na ƙarshe shi ne a kwashe abin da aka gina a kai shi mazauninsa. Ni tun a zagayen fili na tsaya, configure ya ce bai ga mafassarin harshen C ba. Wannan ba abin damuwa ba ne, sai na umarci yum, mai sauko da manhajoji a CentOS, ya sauko da kayan gini. Yum ya ɗan yi jim, ya dawo ya ce ya kasa gano adireshin mirrorlist.centos.org.

Ina ganin haka na ce netwok ne. Na kashe rauta na kunna. Na jona sabar da wayata, na canza layi, na leƙa taga na ga hadari ya haɗo ta gabas na ce to ga dalili. Na zauna har bayan isha'i ina jiran layi ya sake. Yini guda ya tafi a haka.

Da safe maigidana ya shigo ɗakin da kofin shayinsa. Dattijo ne da ya daɗe yana aikin na'urorin sadarwa kafin ya dawo nan. Ya ce, "Karanta min abin da ta rubuta."

Na ce, "Yallaɓai, netwok ne tun jiya."

Ya ce, "Ɗana, ba ra'ayinka na tambaya ba. Abin da ke kan allo za ka karanta min."

Na karanta masa layin kalma bayan kalma. Ya sa na gwada wani adireshin daban daga cikin sabar, nan take ya amsa. Ya ce, "In hanya ce ta yanke, ba gida ɗaya za ka kasa zuwa ba. Masu gidan ne suka tashi." Haka kuwa abin yake. Ranar 30 ga Yunin 2024 wa'adin CentOS 7 ya ƙare, aka rufe wancan adireshin, aka kwashe kayan zuwa vault.centos.org. Layi kaɗan na gyara a fayil ɗin da ke /etc/yum.repos.d, yum ya ci gaba da aiki.

Na daɗe ina tunanin abin da ya hana ni karanta layi ɗaya tak na tsawon yini. Ba rashin Turanci ba ne. Mu da muke aiki a nan muna da masu laifi biyu da muka riga muka yanke wa hukunci: wuta da netwok. Sau da yawa kuma su ɗin ne, shi ya sa zargin yake da daɗin yi. Amma da zarar bakinka ya furta "netwok ne", idonka ya daina aiki. Ka sallami kanka daga bincike, ka koma jira, jira kuwa ba ya buƙatar ilimi.

Darasi na biyu ya fi ciwo, domin a wannan karon ginin bai faɗi ba. Make ya yi ta zubo dubban layuka, ya kai ƙarshe lafiya, na girka, na kira Python 3.10 ya amsa. Har na tura wa maigidana saƙo cewa an wuce wurin. Da na zo sauke Django da pip, mai sauko da kayan Python, sai ya ƙi, yana ta sake gwadawa yana kasawa, kamanninsa sak matsalar layi. Bakina ya buɗe zai faɗi kalmar nan, na kama shi. Na karanta. Cewa yake sashen ssl babu shi a cikin wannan Python ɗin, ba tare da shi ba kuwa ba zai iya magana da kowane amintaccen shafi ba.

Na sake ginin, amma na sa tee ya adana duk abin da ya fito a cikin fayil. A can kusa da ƙarshen make na tarar da maganar a fili: an kasa gina sashen ssl, ana buƙatar OpenSSL, manhajar tsaron da sashen ya dogara da ita, 1.1.1 ko sama da haka. Tun jiya ya faɗa min, layukan girkawa ne suka binne shi, ni kuma ƙasan allo kawai nake kallo. Python 3.10, wanda ya fito a Oktoban 2021, ya daina karɓar tsofaffin OpenSSL, CentOS 7 kuwa 1.0.2 yake ɗauke da shi. Masu Python sun tsara ginin yadda in wani sashe ya gagara za a tsallake shi a ci gaba. Gida ne aka gama, aka yi fenti, amma babu ƙofar fita.

Daga ranar na canza yadda nake kallon allo. Layin ƙarshe da make ke bugawa in gini ya faɗi ɗan aike ne kawai, sanarwa yake cewa wani abu ya mutu a sama, ba shi ne ya san dalili ba. Kuskuren farko shi ne uwa, duk na ƙasansa 'ya'yansa ne. In fayil ɗaya ya ɓace, kana iya ganin koke hamsin a bayansa, ka mayar da shi duk su yi shiru. In kuma ka sa make ya yi ayyuka huɗu a lokaci guda don sauri, saƙonnin sukan cakuɗe, gara ka sake shi da aiki ɗaya ka ga inda ya fara tuntuɓe. Configure ma yana da kundinsa, config.log, inda yake rubuta ainihin gwajin da ya yi da amsar da ya samu.

Akwai wani abu da babu wanda ya taɓa bayyana min a makaranta. Samun laburare, wato tarin ayyukan da wasu manhajoji ke ara, a kan na'ura daban, samun kayan gini da shi daban. Zlib na iya kasancewa a sabarka yana aiki shekara da shekaru, amma mafassari ba zai gan shi ba sai ka sauko da zlib-devel, wanda ke ɗauke da fayilolin da ke bayyana masa sunayen ayyukan da ke ciki. Haka libffi, haka bzip2, haka sqlite. A dangin Red Hat, wanda CentOS ke ciki, wutsiyar sunan devel ce, a Debian da Ubuntu dev. Mafi yawan gine-ginen da na ga sun faɗi tun daga lokacin, wannan ne sanadinsu.

A tsakiyar wannan ruɗani na yi ɓarnar da har yau nake tunawa. Na ga wani ya ba da shawara a intanet cewa a karkatar da /usr/bin/python ya nuna sabon Python. Ban tambayi kaina me ya dogara da tsohon ba, na kwafa na liƙa. Nan take yum ya mutu, domin da Python 2 aka rubuta shi, sabon ba ya gane salon rubutunsa. Garin neman gira na kusa rasa ido: kayan aikin da zan gyara komai da shi na karya. Allah ya taimake ni na tuna abin da na taɓa, na mayar da shi. Da na canza abu biyar a lokaci guda kamar yadda na saba, da ban san wanne zan warware ba. Tun ranar nake buɗe fayil ina rubuta kowane umarni kafin in buga shi, da dalilinsa, kuma abu ɗaya nake canzawa in gwada kafin in taɓa na biyu. Masu Python ma sun tanadi altinstall don sabo ya zauna gefe bai taka na gida ba.

Maganin ssl ɗin bai da tsawo. Na gina OpenSSL 1.1.1 a wani ɗaki nasa daban, na nuna wa configure inda yake, na share ragowar ginin baya kaf, na sake daga farko.

Kada in zalunci gaskiya, wuta da netwok sun yi nasu a cikin kwanakin nan. A dare na biyu aka ɗauke wuta, kwana biyu ana hadari sola bai cika batira ba, sabar ta mutu. Da ta tashi sai duk wani amintaccen shafi ya ƙi buɗuwa, wai lokacin fara aikin takardar shaidarsa bai yi ba. Make kuma yana gargaɗin cewa agogo ya karkace. Na buga date, sai ga sabar ta koma shekaru baya. Ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe agogon na'ura, CR2032, shi ne ya mutu, chrony da zai daidaita lokaci daga intanet kuma ba a kunna shi ba. Na hau Keke Napep zuwa Wunti na sayo batirin a wajen masu gyaran agogo. Wani fayil kuma da na sauke ya yanke a hanya, ya ƙi warwaruwa. Yanzu ba na warware komai sai na gwada shi da sha256sum in tabbatar ya sauko cikakke, ina saukewa da wget mai ci gaba daga inda ya tsaya, dogon gini kuma a cikin tmux nake yin sa don kada yankewar layi ta kashe shi. To ko a nan, kowannensu da irin sawun da ya bari a allo. Wanda ya karanta zai bambance ranar da netwok ne da ranar da ba shi ba ne.

Ranar da na miƙa aikin ban ji daɗin da na zata ba. OpenSSL 1.1.1 da na sha wahalar ginawa, shi ma wa'adinsa ya ƙare tun Satumban 2023. Na ɗora bayanan mutane, har da lambobin asusunsu, a kan tsarin da babu mai toshe masa ɓaraka kuma. Saƙon farko da yum ya ba ni ba maganar adireshi kaɗai yake yi ba, yana gaya min ne ƙasan da zan yi gini a kai ta zaizaye. Na rubuta wa maigidana hakan a takarda, ya sa hannu ya tura sama.

A hutun Disamba muka kwashe komai muka ɗora wani Linux ɗin, Ubuntu 22.04, wanda da Python 3.10 yake zuwa. Wajen girka manhajar, psycopg2, mai haɗa Python da rumbun bayanai na PostgreSQL, ya tsaya da jan rubutu cike da allo. Na koma sama na nemi layin farko: bai ga pg_config ba. Na sauko da libpq-dev, na sake bugawa, ya wuce. Maigidana yana tsaye a bayana da kofinsa, bai ce komai ba, ya juya ya koma ofishinsa.