Godiya ga Waɗanda Suka Auna Yaranmu Kafin a Ba Su Keke

Assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin iyayen yara masu buƙata ta musamman da muke haɗuwa a Mabera cikin garin Sakkwato, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a rabon keken guragu da sandunan tafiya da aka yi ranar Asabar da ta gabata. Niyyarmu mu yi shi ranar 3 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa masu buƙata ta musamman, sai ta faɗo tsakiyar mako, malamai suna aji, ma'aikatan asibiti suna bakin aiki. Alhamdu lillahi, duk da hazo da sanyin safiyar, an taru lafiya an watse lafiya.

Alhajin da ya biya kuɗin yawancin kekunan ya ce kada a ambaci sunansa. Alhaji, mun bi umarninka, amma addu'a ba ka hana mu ba. Allah ya jiƙan mahaifanka, ya sa ka tarar da shi a mizani. Haka Malam liman da ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, da matan adashin Runjin Sambo da suka bar mana kwasa guda, da masu keke Napep da suka ɗauko iyaye daga Gagi da Gidan Igwai ba su karɓi ko sisi ba. Allah ya saka da alheri.

Inda nake so in daɗe shi ne wajen likitocin gashin ƙashi da mai walda, domin su ne suka sa wannan rabo ya bambanta da waɗanda muka saba gani. Mu iyaye mun sha karɓar keke. A tara mu a rana, a ɗora yaro, a ɗauki hoto, a tafi. Sai mun koma gida mu ga keken na manya ne, an sa wa yaro takalmin babansa. Yaro ɗan shekara 7 a cikinsa zamewa yake yi, bayansa ya karkace gefe guda, ƙafafunsa na reto ba su kai matakin ba. In ya daɗe a haka ba matashi, fatar mazauninsa ta saluɓe ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Ƙarshenta a jingine keken a zaure, uwa ta ci gaba da goyo.

Wannan karon likitocin sun zo tun kafin a sayi komai, a lokacin hutunsu, da igiyar awo a hannu. Suka auna faɗin ƙugun kowane yaro, tsawon cinya zuwa gwiwa, gwiwa zuwa diddige. Suka duba wa ke iya riƙe wuya, wa jikinsa ke sandarewa har sai an sa masa majingin kai da ɗamara. Manyan yaran da shan inna ta taɓa wa ƙafa amma hannu na da ƙarfi, aka ce mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu ya fi musu. Shi kuwa mai walda ya lura da abin da duk wanda ya taɓa tura keke a lungunanmu ya sani, wato ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke yi a rairayi. Ya canza su da masu faɗi, kuɗin ƙarfe kawai ya karɓa. Baba, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Ɗana shawara ce ta kama shi a makon haihuwa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, yanzu a zaune yake cin abinci ba sai na tallafe shi ba, kuma ya rage ƙwarewa.

Ina kuma gode wa Hajiya ungozoma da ta yi wa iyaye bayani da Hausarmu ta Sakkwato, ba kwana-kwana. Ta ce yawancin irin waɗannan lalurori daga doguwar naƙuda suke, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau da ke barin yaro da kurumta, ba iska ba ce kuma ba laifin uwa ba ne. In idon jinjiri ya yi rawaya a kwanakin farko, a kai shi asibiti a sa shi ƙarƙashin fitila, kada a jira suna. Na ji daɗi da kakanni suka zo, don a gidaje da yawa su ke yanke shawarar a fita da yaro ko a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Wata yarinya da cutar noma ta ci wa kunci, an nuna wa iyayenta hanyar Asibitin Noma da ke nan garin, inda ake yin aikin gyaran fuska kyauta tare da tallafin ƙungiyar likitoci ta MSF tun 2014. Malamin da ya fassara komai da maganar hannu, ya kuma yi wa iyayen kurame da makafi bayanin makarantar A.A. Raji, shi ma mun gode.

Ga hukumomi, godiya ba ta hana tuni. Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Keke ya samu, amma in ƙofar aji mataki ce mai tsawo, makewayi kuma ba ya shiguwa, yaro a gida zai ci gaba da zama. Ba aiki ne mai yawa ba, buhun siminti kaɗan ne da magini. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai, za mu zo muku ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda aka auna yaransu amma keke bai kai gare su ba, ku yi haƙuri, awon yana hannunmu kuma ku ne farko in Allah ya kawo na gaba. Wanda tayarsa ta yi faci ko birki ya saki, ya kawo ranar haɗuwarmu ta ƙarshen wata, Baba mai walda ya ce zai riƙa zuwa da kayan aikinsa.

Wassalam.